Minti Biyun Kakanku a Wayar Iska

Abin da ya zaunar da ni rubuta wannan babi hira ce da muka yi da ɗan'uwanku Nasiru da ya zo hutun sallah. Na tambaye shi ainihin aikin da yake yi a ofishinsu na Damagaram, don kullum aka tambaye ni sai in ce gyaran kwamfuta, alhali na san ba shi ke nan ba. Ya ce hanyar intanet ɗaya ce ke shiga gininsu, siririya, ma'aikata kuwa da yawa. In aka bar kowa ya ja yadda ya ga dama, mai kallon ƙwallo shi kaɗai sai ya shanye hanyar, mai aika takardar gaggawa ya wuni yana jira. Saboda haka ya dasa wata na'ura a bakin hanyar. Ba wanda ke fita da kansa. Kowa ya gaya mata abin da yake so, ita ta je ta ɗauko masa. Kowa da awonsa, abu mai muhimmanci ya wuce gaba, mai nauyi marar amfani a ja masa linzami. Yana bayani yana zana mini a ƙasa da tsinke, ni kuwa hankalina ya riga ya koma Tanut, cikin wani ɗaki mai taga ɗaya a bayan buron kumandan, wato ofishin mai mulkin yankin. Wannan aikin na yi shi da bakina da agogon hannuna tun shi Nasiru yana ciki.

Kun girma kuna jin dangin mahaifiyarku suna kirana mai yanke magana. Ba sa faɗa a gabana, amma na san kun ji. Abin da suke nufi shi ne, a shekarar farin nan na biyu na katse wa kakanku magana a wayar iska, kuma dalilin haka garkensa ya ƙare. A Tanut kuwa, tsofaffin da suka ga zamanin wani abu dabam suke tunawa: wai na kafa doka a kan kowa, na karya ta don surukina. Duka biyun sun faru. Abin da ban taɓa iyawa ba shi ne haɗa su su zama labari ɗaya. Zan faɗa muku yadda abin ya gudana, abin da na sani in ce na sani, wanda ban sani ba in bar shi a buɗe.

A gidan rediyo na koyi magana karo na biyu. Wani tsohon mai karanta labarai ne ya rene ni, mutum marar dariya, wanda yake cewa duk jimlar da ta fi numfashi ɗaya ba ta san inda za ta ba. In na rubuto sanarwa sai ya karɓa, ya soke rabi, ya miƙo mini, in karanta in ga ba abin da ya ɓata. Na yi shekaru ina kallon jar fitila da hannun agogo, har ya zama ko a gida in wani yana ba da labari ina jin inda ya kamata a yanke. A wannan aikin ne ma na haɗu da mahaifiyarku, Hajara, lokacin da aka tura ni da na'urar ɗaukar murya wajen makiyaya arewa da Belbeji. Ita ce ƴar farin kakanku. Sunansa Sambo, kuma wannan ne karo na farko da sunan ya fito daga gare ni, ko a baki ko a takarda. Ya ba ni ita ba da son ransa duka ba, don ni ɗan gari ne marar ko akuya. Tun daga ranar, bai taɓa cin abinci a gabana ba, bai taɓa kiran sunana ba, ni ma ban taɓa kallon tsakar idonsa ba. Ita kanta ƴar tasa ba ya ambaton sunanta, kamar yadda ba a ambaton ɗan fari a wajensu. Ba gaba ba ce. Haka ake yi, kuma mun zauna lafiya a kan haka.

Da damina ta ƙi a shekarar nan, aka aro ni daga gidan rediyo aka kai ni Tanut, garinmu, in riƙe wayar iska ta hukuma. Hanya ɗaya ce a iska, dukanmu muna kanta: Tanut, Belbeji, Falanko, da tashoshin famfo da ke cikin daji inda shanu ke sha. In ɗaya ya danna maɓalli yana magana, sauran sai saurare, shi kuwa ba ya jin kowa sai ya saki. In biyu suka danna tare ba a jin ko ɗaya, sai kuwwa. Damagaram ba ta jin ƙananan tashoshin don na'urorinsu ba su da ƙarfi, Tanut kaɗai take ji, don haka duk abin da zai fita daga yankinmu na Damargu ta ɗakina zai bi. Batir kuma ba ya kai azahar, don injin da ke cika shi man gazuwal yake sha, gazuwal kuwa famfuna ake tattala wa. Abin da na tarar ya fi kasuwa hayaniya. Kowa na danna nasa, mai ƙarfi ya danne marar ƙarfi. Da yake fari ya raba iyalai, an ba mutanen gari izinin aika saƙo, sai mutum ya kama makirufo ya gai da sarki, ya gai da liman, ya tambayi lafiyar jaki, malamin asibitin Falanko na can yana kira ba a jin sa.

Tsarin da na kawo ba wani abin mamaki ba ne. Na ce ba wanda zai ƙara magana sai na kira sunan tasharsa, kuma ba tashar da za ta yi da wata kai tsaye, kowa ta wajena. Na jera abubuwa: ciwo a gaba, sai ruwa, sai hatsi, sai aikin buro, sa'an nan saƙon jama'a. Mai saƙo ya gaya wa ma'aikacin tasharsa, shi ya taƙaita ya faɗa a madadinsa. Wanda ya nace sai ya yi da bakinsa, minti biyu gare shi, ko sarki ne. Mai ciwo kuwa yana da ikon shigowa ko a tsakiyar maganar wa. Gaisuwa, sallama ta isa. Kumandan ya sa hannu, kuma cikin mako guda aka fara jin Falanko. Amma tun a lokacin na gane jerin ya fi sauƙi a baki. Likitan dabbobi ya ce cutar shanu ma ciwo ce. Wani alhaji mai sayen fatu ya ce farashi maganar yunwa ce, don da kuɗin fata ake sayen hatsi, kuma ban iya ce masa ƙarya yake ba. Rasuwa fa, a ina za a sa ta? Mamaci ba ya gaggawa, amma ɗansa da ke Belbeji yana yi. Kullum ina yanke hukunci cikin ƙiftawar ido da muryar da ba ta rawa, in fito ban tabbata ba. Innata, wadda muke zaune tare, da ta ji na hana gaisuwa, ajiye maburgi ta yi ta dube ni.

"To da me za su fara, Ɗan Rediyo? Da tari?"

A gida abin da ake jira labarin ruga ne. Tun da ruwa ya ɗauke ba mu ji ɗuriyarsu ba. Mahaifiyarku tana da tsohon ciki, ba ta cewa komai, amma duk makiyayin da ya shigo gari sai ta aika a tambaye shi inda ya baro su. A cikin garken akwai nata shanun, karsanar da aka ba ta ranar suna da duk abin da ta haifa, suna hannun mahaifinta tun da mu ba mu da inda za mu kai su. Garken nan shi ne abincin gidan kakanku gaba ɗaya, shi ne sadakin kawunanku, shi ne sunansa a bakin mutane. Kowace safiya ina jin labarin famfuna da rijiyoyi a ɗakina, wanne ke aiki, wanne ya tsaya, amma ban san inda yake ba, balle in san wane labari ne zai amfane shi.

Ranar kasuwar Belbeji, da muka kai kan saƙon jama'a, Mamman, ma'aikacin tashar can, ya ce akwai wani dattijo da ya ƙi ba shi saƙo, ya ce da bakinsa zai yi. Na ce a ba shi, na dubi agogo. Mamman ne ke danna masa maɓallin yana saki. Muryar tana fitowa na gane ta, har na sami kaina na miƙe tsaye na zame takalma, a ɗakin da ba mai gani na.

"Salamu alaikum. An kwana lafiya?"

Na amsa. Ya tambayi gajiya, na amsa. Ya tambayi aiki, ya tambayi zafi, ya tambayi gari, kowace tambaya da ɗan shirunta a gaba da baya, irin na mutumin da ya saba magana a fili inda ba mai jira. Ni ne na hana gaisuwa, ga shi ina amsa ta ɗaya bayan ɗaya, kuma na san duk tashoshin Damargu suna saurare. Suruki ba a ce masa ya je ga batu. Ba a ma ɗaga masa murya. Na yi ta fatan ya gaji ya faɗi abin da ya kawo shi, don na san ba ƙaramin abu ne zai sa ya baro shanu ya zo ya yi magana da ni a gaban jama'a ba. Hannun agogo ya wuce inda ya kamata ya tsaya. Ya tambayi tsohuwa, na ce tana lafiya. Sa'an nan ya ce:

"Yaya mutanen gida?"

Mamman yana sakin maɓalli, kafin in buɗe baki, sai muryar malamin asibitin Falanko ta faɗo. Mace ce ke naƙuda tun shekaranjiya, ta fara fita hayyacinta, yana neman mota. Allurar batir ta riga ta sunkuya. Abin da na faɗa, da muryar da aka koya mini, shi ne:

"Belbeji, dakata. Falanko, gare ka."

Wannan ita ce yankewar da kuke jin labari. Na karɓi bayanin Falanko, na tura gardi mai tsaron buro asibitin Tanut da gudu, na jira amsa, na koma na gaya musu mota ta tashi. Matar ta rayu, ɗan bai zo da rai ba. Da na sake kiran Belbeji da ɗan abin da ya rage a batir, Mamman ya ce dattijon ya tafi. Ya ce ya roƙe shi ya jira, dattijon ya ce a'a, an sallame shi.

Da rana a gindin bishiyar tsakar gida na ba su labari. Inna ta ce a duk zuri'armu ba a taɓa barin gaisuwar suruki a ƙasa ba, ko gobara ake. Na ce mace ce za ta mutu. Ta ce "lafiya lau" kalma nawa ce, da na faɗe ta sai matar ta mutu? Ni dai na san da na amsa, wata tambayar ce za ta biyo, ita ma sai an amsa. Mahaifiyarku ba ta sa baki ba sai da Inna ta gaji. Sa'an nan ta sa na maimaita mata tambayoyin a jere, kamar yadda ya yi su. Da na kai ta ƙarshe ta sunkuyar da kai.

"Malam, ba zai roƙe ka ba. Ko kwana zai yi a kan wayar nan ba zai roƙa ba. Kai ne za ka miƙa."

"In miƙa me?"

Nan muka tsaya. Inna ta ce hatsi yake nema, a aika masa da buhu. Mahaifiyarku ta ce da hatsi ne da ya sayar da bijimi, ba zai zo ba. Ko dai ruwa yake tambaya, ko wani abu game da shanunta. Ni na yi zaton wani ne ba lafiya a ruga. Muka yi ta juya abin har la'asar, kowa ya kawo hujja, kowace hujja ta yi kama da gaskiya. Na ce to in kai ta ɗakin waya ta yi magana da shi. Ta dube ni kamar na ce ta hau raƙumi da cikin nan. Ita da ba ya kiran sunanta, a gaban Damargu duka? Zuwa Belbeji kuwa ba hali, ba mai riƙe mini waya, kuma ko na je shi ya koma daji, ba wanda ya san wajen.

Mamman ya ce ya ji kakanku yana gaya wa wani zai dawo kasuwa mai zuwa. Mako guda gare ni, kuma na yanke shawara biyu. Ta farko, tun da ba zai tambaya ba, bari in yi abin da na iya, wato sanarwa. In karanta wa kowa da kowa halin da famfuna ke ciki, shi ma ya ji a cikin jama'a ba tare da ya roƙi kowa ba. Na je wurin kumandan, ya yi tunani, ya ce ai gaskiya ce, kuma ta fi mutane su kora shanu zuwa famfon da ya mutu. Ta biyu, na roƙi sauran tashoshi su ara mini rabon jama'arsu na ranar, in tara shi duka a ba Belbeji. Malamin asibitin Falanko ne ya fara yarda. A raina ban ɗauki wannan karya doka ba, don ba na ciwo ko na ruwa na taɓa ba, kuma masu rabon sun yarda. Abin da ban lissafa ba shi ne, ma'aikatan tasha ne suka yarda, ba mutanen da ke tsugune a bakin ƙofa da saƙonsu ba. A ƙofata ma akwai layi, alhajin nan mai fatu a gaba.

Ranar ta zo. Na gama da ciwo, da hatsi, da buro, sa'an nan na karanta sanarwar a hankali, sau biyu. Famfon arewa ya tsaya, ba ranar gyara. Rijiyoyin yamma sun ja baya. Famfon gabas yana aiki, akwai gazuwal, akwai sauran ciyawa a kewayensa. Kowace kalma gaskiya ce a safiyar nan, daga bakin masu tsaron famfunan na karɓe ta. Mamman ya fito da lasifika bakin ƙofa don ƴan kasuwa su ji. Da na gama ya ce dattijon yana nan. Ban jira sallamarsa ba.

"Baffa, mutanen gida lafiya lau. Suna gaisuwa."

Na ce layi nasu ne yau, ba mai jira, su yi a hankali. Na saki maɓalli. A duk zamana a ɗakin nan ban taɓa jin iskar Damargu wayam haka ba, ba mai tari, ba mai danna komai, sai shuuu ɗin na'ura. Na san abin da ya rage shi ne in ce, Baffa, me kuke bukata? Kalmomin suna bakina. Amma in na faɗa, na nuna wa duk wanda ke tsaye a kasuwar Belbeji cewa mai garke ya zo neman wani abu wurin mijin ƴarsa. Na tsaya ina kallon allurar batir tana sauka a kan shirun da na tara masa da rabon mutane. Can Mamman ya danna.

"Madalla. Mun ji. Allah ya yi albarka."

Ya miƙa makirufo ya fita. Ko rabin minti biyunsa bai ci ba. Da na buɗe ƙofa, alhaji mai fatu yana tsaye, ya ji komai ta taga. Bai yi faɗa ba. Ya gyara hularsa kawai ya tambaye ni ko shi ma sai ya aura mini ƴa kafin a ba shi iska. Kafin la'asar maganar ta zagaya gari. Daga ranar duk wanda na ce lokacinsa ya cika sai ya ce shi ma bai gama gaisuwa ba. Tsarin bai rushe gaba ɗaya ba, ciwo da ruwa sun ci gaba da wucewa gaba, amma muryata ta daina tsayar da mutum yadda take yi da.

Abin da ya biyo baya a wayar na ji shi, safiya bayan safiya, daga bakin mai tsaron famfon gabas. Da fari ya ce garkuna sun fara isowa. Sa'an nan ya ce sun yi yawa, ana kwana a layin sha. Sa'an nan ya ce ba sauran ciyawa sai an yi tafiyar yini, saniya ta je ta ci ta dawo da ƙishin da ya fi na jiya. Ba kakanku kaɗai ya ji sanarwar ba. Duk wanda ya ci kasuwa ranar ya ji, ya kai wa wanda bai zo ba, kuma kowa ya yi abin da mai hankali zai yi, ya nufi inda aka ce akwai ruwa. Maganar da take gaskiya da na faɗe ta, faɗar ce ta mayar da ita ba gaskiya ba. Na sake sanarwa cewa gabas ta cika, amma wanda ya riga ya shiga daji ba shi da lasifika. Injin famfon ya yi ta aiki ba hutawa har ya tsaya. Na sa saƙon kayan gyaransa a gaban komai, aka kawo, aka gyara, sai dai shanun da suka kwanta ba su tashi ba. A cikin waɗannan makonni aka haifi Nasiru. Ban san kakanku yana famfon gabas ba sai da wani ya gaya wa Mamman, Mamman ya rasa a wane layi zai sa labarin, ya faɗa mini a ƙarshen zama da murya ƙasa ƙasa.

Bayan ruwan farko na daminar da ta biyo, aka aiko mini cewa ina da baƙi a bayan gari. Na tarar da shi zaune a gindin wata aduwa, kawunku Buba na tsaye da sanda, ga wata tsohuwar saniya da karsana da ɗan maraƙi, ƙashi da fata. Abin da ya rage ke nan daga layin shanun mahaifiyarku, kuma nasa bai fi haka da yawa ba. Na cire takalma na tsuguna nesa kaɗan. Ya fara daga farko: kwana, gajiya, aiki, gari, tsohuwa, mutanen gida. Ya ƙara da baƙon da aka samu, wato Nasiru. Na amsa duka, na mayar masa da nawa, ya amsa. Ba agogo, ba batir, ba mai saurare sai Buba da shanu. Na ce a raina yanzu zai faɗa. Muka zauna har inuwa ta matsa. Ya miƙe, ya nuna shanun da haɓa, ya ce wa Buba a kai su gida, shi ya juya. Bai shiga gari ba.

Daga baya na bi kowa da tambaya. Kawunku Buba ya ce niyyarsa kudu ce, ya tsallaka da garken ƙasar manoma tun shanu na da ƙarfin tafiya, amma ba ya fita ƙasa da shanun ƴar da ke gidan miji sai da yardar mijin. Da bai samu ba, kuma ya ji an ce gabas da ruwa, sai ya bi abin da ya ɗauka umarnina ne. Wannan shi ne labarin da kuka gada. Kakarku kuwa, matarsa, ta ce ba a taɓa maganar kudu a gabanta ba. Ta ce mafarki ya yi a kan cikin ƴarsa, ya kasa zama, ya je ya ji ko tana raye, kuma gabas dama can za su, don kowa can ya nufa. Wani ƙanensa ya ce so ya yi a karɓi mata da yara a ajiye a Tanut. Waɗanda suka tafi kudu a shekarar, wasu sun dawo da shanu, wasu sun dawo da sanda kawai, don haka ko maganar Buba ce daidai ban san me za ta haifar ba. Mahaifiyarku ta ce duka ukun na iya zama gaskiya, kuma wataƙila shi kansa bai zaɓi wanda zai faɗa ba, yana jira ya ji wanne zan buɗe masa. Shi dai har ya koma ga Allah bai ɗaga maganar ba, kuma ban taɓa jin ya kira ni da sunan da sauran ke kirana ba. Da damina ta zauna na nemi a mayar da ni gidan rediyo, aka mayar da ni. Karsanar nan ita ce uwar shanun da kuke zuwa gani wajen ƴaƴan Buba.

Ba na neman ku wanke ni, ba na kuma karɓar laifin da ban tabbata nawa ne ba. Na sha zama in sake jera safiyar nan ta farko, in sa "lafiya lau" kafin Falanko, in sa ta bayan Falanko, in ga ko wani abu zai canja, kullum sai lissafin ya watse a hannuna. Shi ya sa da Nasiru ya gama zanensa a ƙasa na yi masa tambayar da na daɗe ina son yi wa wani mai irin aikina. Na ce, in mutum ya zo wa na'urar taka, ya buɗe hanya, ya yi sallama, amma bai nemi komai ba, yaya take yi da shi? Ya ce tana jira ɗan lokaci, in bai ce komai ba ta rufe, ta ba na bayansa. Na tambaye shi ko tana sanin abin da ya zo nema. Ya yi dariya ya ce ina za ta sani, Baba, ai bai faɗa ba.

Na ce, "To ita dai ba ta da suruki."

Mahaifiyarku tana bakin murhu, ban san tana jin mu ba. Ba ta ko juyo ba.

"Ko tana da shi haka za ta yi. Ni na zauna da irinta."